Kitson Sondor

Tun kafin dusar ƙanƙara ta farko ta sauka, Tsermaa da mijinta Jargal suka yanke magana: bana 'yarsu Sondor ba za ta tafi makarantar kwana ba. Shekararta shida kacal. Uwarta za ta koyar da ita a gida har ƙashinta ya yi ƙwari. Kuma ba gyaɗa kai kawai Jargal ya yi ba, hannunta ya riƙe ya ce, "Na yi miki alkawari."

Ya san dalili sarai. Ita ma Tsermaa tana da shekara shida aka kai ta makarantar gunduma, kuma a satin farko matar da ke kula da ɗakin kwana ta sa almakashi ta datse mata gashi, don ba ta iya kitsa kanta ba. Haka ake yi wa duk yarinyar da ba ta iya ba. Duk duniya ba wanda ta taɓa ba wa wannan labari sai shi.

To, makaranta ta kankama a cikin tanti. Da safe, in an sallami dabbobi, sai ta cika murhu da busasshen kashin shanu, ta zuba shayi mai madara da gishiri, ta zazzage ƙasusuwan idon sawun tumaki a kan shimfiɗa. Da su Sondor ke koyon ƙirga. Ƙanenta Ider, ɗan shekara uku, aikinsa ɗaya ne: ya sace biyu ya cusa a takalmi, ya rantse dawakansa ne. In rana ta ɗaga su fita, Sondor ta rubuta haruffa da sanda a kan ƙanƙara, kare ya bi ya tattake.

Da yamma Jargal kan leƙo, gashin bakinsa duk ƙanƙara. "Malama, an tashi? A ba ni aron ɗalibarki, dawakai na cigiyarta."

"Ka sa mata hula da kyau, sarkin mantuwa."

Har daɗi take ji a ranta, wai ta yi dacen miji. Kai, Tsermaa!

Ana saura 'yan kwanaki bikin Farin Wata, bikin sabuwar shekararsu, tana zaune tana ƙulla nama cikin fulawa, abincin baƙi, sai ta ɗaga kai ta ga Sondor ta kai hannu biyu ƙeya, ta ciji leɓe, tana kitsa gashinta da kanta. Kitson ya karkace, amma kitso ne.

"Iye! Wa ya koya miki?"

"Baba. A jelar doki muka fara."

Tsermaa ta fashe da dariya. "Babanku da kitso? Mutumin da ko igiyar takalminsa sai na ɗaure masa?"

"Ya ce in na iya, ba wanda zai yanke min."

Yarinya na faɗa ta toshe baki da hannu. Dariyar Tsermaa ta tsaya cak.

"Wa zai yanke miki?"

"Baba ya ce kar in faɗa, Inna. Ya ce za ki yi kuka."

Ko safar hannu ba ta tsaya ɗauka ba. Ta same shi a garke yana fasa ƙanƙarar kwamin ruwa.

"Baban Sondor, yaushe?"

Bai ce "yaushe me" ba, ya dai san asiri ya tonu. Ya jingine gatari. "Bayan biki. Yayata Dolgor ta samo mata gado a ɗakin kwana, za ta riƙa leƙa ta."

"Tun yaushe kuka ƙulla?"

"Tun yankan hunturu."

Tun yankan hunturu! Wato ranar da suka yanka dabbobi don ajiye naman hunturu, da ya yanka tunkiya ta ƙari, ya ce wai bana sanyi zai daɗe, ashe naman da za a bi yarinya da shi makaranta ne. Ita kuwa ita ta gyara kayan cikin, har da waƙa.

"Tsermaa, saurara. Karatunki ba laifi. Amma yarinyar nan ba ta san kowa ba sai tumaki da ƙanenta. In baƙo ya zo, ƙarƙashin gado take shigewa. Ni haka na tashi, har yau in na shiga gari bakina ɗaurewa yake."

"Sai ka gaya min! Mu yi faɗa, in zage ka, ka zage ni. Amma ka ɗauki abin da na faɗa maka ni da kai, ka je bayan dawakai ka yi shiri da shi? Ka koya wa 'yata ta dubi idona ta ɓoye min magana?"

"Don kar a yi mata abin da aka yi miki ne."

"Don kar a yi mata ne ka ce ba za ta tafi ba."

Ya sunkuyar da kai. Ta so ta ce to ita ma za ta bi 'yarta gari, amma haihuwar tumaki ta ƙarato, mutum ɗaya ba ya iya ta, kuma ya san da haka. Har wannan ya lissafa. Abin da ya ƙarasa karya ta shi ne da ta koma ciki ta tarar Sondor na gaya wa Ider cewa a makaranta akwai yara fiye da awakinsu, idonta har ƙyalli yake.

Biki ya zo ya wuce. Tsermaa ta gaida manya, ta ciyar da baƙi, ba wanda ya ji komai a bakinta. Ran nan da safe motar mijin Dolgor ta tsaya a ƙofa, aka ɗora tunkiyar nan da ta daskare.

Sondor ta fito da kitsonta karkatacce. Hannun Tsermaa ya kai zai gyara.

"Bari, Inna. Na iya."

Ta janye hannun.

A al'adarsu, matafiyi ba ya barin gida sai uwar gida ta watsa masa madara, don hanya ta yi masa fari. Tsermaa ta fasa daskararriyar madara, ta narkar a kan murhu, ta fito da ludayi. Da a ce ta ƙi, da kowa ya san ba da yardarta ba ne, amma 'yarta ce za ta hau hanya. Ta je ƙofar baya ta motar inda Sondor ke zaune, ta watsa a ƙasan ƙofar, ta watsa a taya, ta yi mata addu'a da ƙarfi yadda za ta ji ta cikin gilashi.

Jargal na tsaye a ƙofar gaba, shi zai raka su, ya cire hula yana jira. Tunda suka yi aure ko neman raƙumi zai tafi ba ta taɓa barinsa ya fita ba ta watsa masa madara ba. Dolgor ta leƙo ta taga.

"Amarya, saura maigidan."

Akwai sauran madara a ludayin, kowa na gani. Tsermaa ta bi ta gabansa, ta kama hannun Ider, ta shiga ciki ta juye ta a tukunyar shayi.