Walƙiya da Mijin Ƙanwarsa

A ƙungiyar 'yan wasan ces, wato darar Turawa, da ke haɗuwa duk Asabar a saman ɗakin karatu, babu mai ja da Walƙiya. Malamin lissafi ne, saurin hannunsa ne ya jawo masa sunan. Minti biyar-biyar ake ba kowa a agogon wasa, shi kuwa ko uku ba ya cinyewa ya gama da mutum.

Shi ya kawo mijin ƙanwarsa, wani mai gyaran agogo, cikin ƙungiyar, shi ya koya masa yadda doki ke tsalle a kan allo. Mai Agogo, kamar yadda ake kiransa, mutum ne mai sanyin jiki. Sai ya tallabe haɓa yana kallon allo har lokacinsa ya ƙare.

"Kai da kake gyaran agogo, kullum agogo ne ke kayar da kai?" in ji Walƙiya, a yi ta dariya.

"A yi haƙuri da ni, Yaya," abin da Mai Agogo ke cewa ke nan.

Rannan aka aiko da gayyatar wata gasa, mutum ɗaya ake so, kuma awa guda za a ba kowane ɗan wasa. Walƙiya har ya fara tunanin rigar da zai sa. Amma Hedimasta, dattijon da ke shugabantar ƙungiyar, ya ce a dakata.

"Wasan minti biyar saurin ido kawai yake nuna mini. Ina so in ga abin da kowa zai yi in an ba shi lokaci."

Aka tankaɗe aka rairaye, aka bar su biyu, wasa uku, awa ɗaya-ɗaya. Walƙiya ya buga yadda ya saba, ya tura ya tashi ya tsaya bakin taga. A wasan farko yana da sauran minti hamsin lokacin da aka rutsa sarkinsa. Na biyu suka yi kunnen doki. Na uku ya sake sha kashi.

Faɗuwar ba ta ƙona masa rai kamar ganin 'yan ƙungiya sun taru bayan kujerar Mai Agogo ba, suna leƙe, suna gyaɗa kai. Shekara shida bayan tasa kujerar suke tsayawa.

Yana shiga gida matarsa ta ce, "Ƙanwarka ta kira, sai murna take. Ashe mijinta ne zai je?"

"Sa'a ce kawai," ya ce, ya ture kwanon abinci.

Asabar ta zagayo ya ce lallai a yi na minti biyar. Sau bakwai a jere ya lallasa Mai Agogo, yana dukan agogon wasan kamar zai fasa shi. Ya ɗago ya dubi Hedimasta.

"Wa ya yi musun saurinka?" in ji dattijon, ya ci gaba da cike takardar gasar da sunan Mai Agogo.

Kwana biyu bayan haka Mai Agogo ya zo har gida, allo a hammata.

"Yaya, ka taimaka mu riƙa gwadawa. Babu mai matsa mini kamarka."

"Ina da takardun ɗalibai da zan duba," in ji Walƙiya, bai ko ce masa ya zauna ba.

Da ya tafi, Walƙiya ya ɗauko nasa allon ya jera wasa na ukun nan daidai inda ya ɓata. Ya harɗe hannuwa, ya hana kansa taɓa komai. Minti ashirin ya ɗauka kafin ya ga hanyar tsira, ga ta nan a fili, turin soja ɗaya tak. Ya kwashe 'ya'yan wasan ya zuba a akwati da ƙarfi har matarsa ta leƙo.

Mai Agogo ya dawo daga gasar da matsayi na huɗu cikin mutum arba'in. Ana ta yi masa barka, Walƙiya ya miƙa masa hannu, amma tambayar da ta fara fita daga bakinsa ita ce, "Su wa suka doke ka?"

Mai Agogo ya lissafa masa su ɗaya bayan ɗaya. Walƙiya ya ji wani sanyi a ransa, sai kuma kunya ta kama shi. Ya jawo kujera ya ce, "Jera mini ɗaya daga wasannin da ka faɗi ɗin, mu gani."