'Yar Farin Mai Turare

"Goge wannan layin," in ji Hajja Zaratu.

Na ɗago kai daga wayar na dube ta. Tana kishingiɗe a tabarma a bakin ɗakinta, ƙafafun nan sun kumbura suntum, amma bakin yana nan da ƙarfinsa.

"Wane layi kuma, Hajja?"

"Wanda kika sa suna. Ni ban faɗa ba."

"To ai sunan 'yarki ne, ba sunan ɓarawo ba."

"Ketura, goge."

Na goge, raina in ya yi dubu ya ɓaci. Ita kuwa mai sunan, Munawwara, tana can gindin murhu tana juya itacen turare a cikin narkakken sukari. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu a unguwar Galtimari, cikin Yerwa, babban birnin Borno. Ni 'yar Biu ce, aikina buga takardu a wani shago a bakin titi. Hajja kuwa tun ina ƙarama na san ta da turaren wuta da humra. Da ambaliya ta cinye mata kayan shago, masu saye kuma suka watse, ni na buɗe mata shafi a intanet, irin wanda ake ce wa bulog. Da farko cewa ta yi, "Ƙamshi ake sawa a waya?" Na ce mata ba ƙamshin za mu sa ba, bakinta za mu sa.

Haka muka riƙa yi. Ta yi magana, in naɗi muryar, in buga a rubuce, in karanta mata, sannan in ɗora duka biyun. Ta faɗi yadda ake gane sandal na gaskiya da itacen banza da aka jiƙa da turare. Ta faɗi abin da ke sa turare ƙauri a kasko. Ta ba da labarin yadda ake turara amarya a Yerwa tun zamanin da ba a san kwalba mai feshi ba. Matan da ba su taɓa taka Borno ba suka riƙa cin karo da shafin in sun shiga neman turare, su karanta, su saurara, su kira. Kano, Kaduna, Abuja, har wata daga Fatakwal. Munawwara ta zama kullum tana hanyar tasha da kwali. Gidan ya dawo ana ɗora tukunya babu fargaba.

Sai dai su masu sayen nan Hajja suka sani. Muryarta suka yarda da ita. Kuma ciwon ƙoda ya riga ya kwantar da Hajja, tun bara ba ta ɗaga ludayi ba. Duk turaren da suke yabo, Munawwara ce ke haɗawa. Mijinta ya rasu, ta dawo gida da yara biyu, wannan tukunyar ita ce abincinsu da makarantarsu. Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba: Hajja ta buɗe baki a shafin ta ce ga 'yata, sunanta kaza, hannunta hannuna ne, ku ci gaba da ita.

To amma Munawwara 'yar fari ce. Su Hajja kuwa asalinsu makiyaya ne, kuma ko da suka sayar da shanun suka zauna a gari, kunyar ba su sayar da ita ba. Ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yabonta, ba ta nuna ta san da zamanta a gaban mutane. "Ke" take ce mata, ko "wannan". Autanta Zayyad da ke karatu a Yola, shi kam sunansa ba ya fita daga bakinta. Mu a gidanmu uwata in ta ƙwala min kira har masallacin layi ana ji, don haka na yi juyin duniya in fahimci abin nan, na kasa.

Wata ranar Laraba wata hajiya ta kira daga Kaduna, za ta aurar da 'yarta, kayan amarya take so gaba ɗaya. Munawwara ta ɗauka, ta sa a amsa-kuwwa don hannunta duk sukari ne.

"Ba ni Hajja."

"Hajja ba ta jin daɗi, ranki ya daɗe. Ni ce nake..."

"Ke wace ce? 'Yar aikinta?"

Hajja tana kwance, tana ji, taku kaɗan ne tsakaninsu.

"A gaishe ta da jiki," in ji matar. "Turare hannu ne, ni ba na sayen na wanda ban sani ba. In ta warke ta kira ni."

Ta kashe. Na juya ga Hajja, na san ban kyauta ba, amma na kasa haɗiyewa.

"Kin ji ko? 'Yar aiki! A gabanki!"

"Na ji."

"Kalma ɗaya fa, Hajja. Ki ce 'yata ce."

"Wanda ya shaƙi turaren ai zai sani."

"Ta waya za su shaƙa? Ke kika ce ba a sa ƙamshi a waya!"

Ta juya fuskarta bango. "Uwata ba ta taɓa kiran sunan yayana ba har ta koma ga Allah, kuma bai lalace ba. Ni ba zan tsufa in shafa wa idona toka a gaban duniya ba."

"Yayanki shanu aka bar masa. Ita me za ki bar mata?"

"Ketura, ya isa," in ji Munawwara daga murhu. "Ki bar ta." Ita ma ta ba ni haushi. Uwa ta ƙi faɗa, 'ya ta ƙi nema, ni bare ce nake ta haƙilo a tsakiya.

Na yi fushi na ɗauke ƙafa. Da na koma, sun dawo daga wankin ƙoda ke nan da la'asar, mai Keke Napep da Munawwara suka shigo da Hajja a rirriƙe. Ta rame ta yi baƙi, idanun sun faɗa. Da Munawwara ta fita sayo gawayi, sai Hajja ta yafito ni.

"Kunna abin naki."

Na kunna, na kai wayar kusa da bakinta. Ta yi sallama ga masu saurare kamar yadda ta saba, ta gode musu, ta ce jiki ya ƙi, a yafe mata in ta taɓa tauye wa wata mudu. Sannan ta ce, "Turaren nan kuma, akwai wadda... ita wannan..."

Ta tsaya. Ina kallon leɓenta ya haɗu zai fitar da harafin farko. Ya buɗe, ya sake haɗuwa. Numfashinta kawai ake ji da kukan akuyar maƙwabta. A raina ina cewa faɗa mana, baiwar Allah, faɗa.

Ƙyauren gida ya yi ƙara, Munawwara ce da ledar gawayi.

"Kashe," in ji Hajja. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ba ta sake neman wayar ba. Ranar Lahadi ina shirin tafiya coci na ji salati ta kan katanga, na san rai ya yi halinsa. Kafin azahar an kai ta.

Na sa sanarwa a shafin da sunana. Ta'aziyya ta yi ta shigowa daga garuruwan da Hajja ba ta taɓa zuwa ba, mata suna cewa sun yi rashin uwa. A ƙarƙashin addu'o'in kuma tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa: yanzu wa za mu samu? Wata har ta rubuta sunan wata mai turare a Kano, ta ce a gwada can. Ina karantawa ina jin kamar in je maƙabarta in yi wa Hajja faɗa, Allah Ya jiƙanta.

Bayan sadakar uku, da mata suka ragu, na samu Munawwara a bayan ɗaki tana wanke kwalabe cikin baho a gindin famfo.

"Na san yadda take magana," na ce. "Zan rubuta wasiyya da bakinta. In ce ta bar wa 'yarta Munawwara sana'ar. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"Yaranki fa? Da kunya za ki ciyar da su?"

"Ki rubuta da bakinki, ki ce ni ce 'yarta. Wanda ya yarda ya saya, wanda ya ƙi Allah Ya haɗa kowa da rabonsa. Amma abin da ba ta faɗa ba, kada ki sa mata a baki tana kabari."

Na yi tsaki, na miƙe zan tafi. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ketura. Duk zaman da kuke yi da ita... ta taɓa cewa wani abu a kaina?"

Na lalubo naɗin ƙarshe, na miƙa mata wayar.

Ta goge hannu a zani, ta kara a kunne. Ina jiyo muryar Hajja siririya, sallama, godiya, neman gafara, har zuwa "ita wannan". Daga nan sai shirun. Munawwara ta saurare shi har ƙarshe, har ƙarar ƙyauren da ita ce ta turo shi. Ta sa yatsa ta ja baya kaɗan, ba zuwa farko ba, zuwa daidai inda maganar ta yanke.

Ruwa ya cika bahon yana zuba a ƙasa, kwalaben suna ta karo da juna a hankali. Ita tana tsugune da wayar a kunne, ido a rufe.