Mai Sunan Wancan

Inna Fanta ta kai shekara saba'in, kuma ba wanda ya taɓa jin sunan ɗanta na fari a bakinta. Salahuddeen sunansa, ga shi har ya yi furfura, amma a wurinta “wancan” ne. Kunyar Fulani ba ta tsufa.

Sai ga zaɓen gwamna ya zo mata da tsiya. Ɗan takarar da ya yi alkawarin buɗe burtalin shanu, wanda ta rantse shi za ta zaɓa, shi ma Salahuddeen ne.

Ranar Asabar ta dogara sandarta zuwa rumfar zaɓe ta firamaren Kahu. Yanar ido ta rufe mata gani, ga kunne ya yi nauyi, don haka aka haɗa ta da malamar zaɓe, wata Afra'u da aka turo daga Rano, ta nuna mata inda za ta dangwala.

“Inna, wace jam'iyya?”

“Ni ban san jam'iyya ba, 'yar nan. Mutum na sani.”

“To wane ne?”

“Mai sunan wancan.”

Afra'u ta waiga, ta ga maza sun fi ɗari a layi. “Wanne wancan, Inna?”

“Ke jero min su, in kin zo kansa sai in yi tari.”

“Doka ta hana in sa miki suna a baki. Ki faɗa, ko ki ba na baya wuri.”

Ran Inna ya ɓaci ƙwarai. Ta tuna shanunsu da ke kwana da ƙishirwa tun da gonaki suka cinye hanyar rafi. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi nufin raɗa. Amma mai nauyin kunne bai san raɗa ba.

“Salahuddeen!”

Can baya wani dattijo ya zabura, hularsa ta faɗi.

“Na'am, Inna?”

Mutane suka tuntsire da dariya. Afra'u ta kai babban yatsan tsohuwar kan takarda, ta dangwala, aka jefa a akwati.

Ɗan nata kam bai yi dariya ba. Ya taso ya riƙe mata sanda, idonsa ya cika da hawaye.

“Inna, ki ƙara faɗa.”

“Kauce min,” in ji ta. “Da gwamna nake.”

Amma har gida ba ta saki hannunsa ba.