Sai Mun Kwana a Kai

Sau uku aka taɓa ambaton Dakta a duniya. Shi ya faɗa wa mahaifiyarsa haka da bakinsa, ranar Alhamis da sassafe, yana tsaye a ƙofar ɗakinta, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

"Sau uku?" in ji Inna. "Wane maƙaryaci ya gaya maka? Ni kaɗai jiya na ambace ka ya fi sau goma. Har da lokacin da ka bar famfo a buɗe."

"Ba irin wannan ambaton ba, Inna."

Ya yi mata bayani yana ɗaura igiyar takalmi. A jami'a, in malami ya yi bincike ya rubuta takarda, jira yake wani malamin ya rubuta tasa, ya saka sunansa can ƙasa da ƙananan haruffa, wurin da ba mai dubawa. Shi ne ambato. Har na'ura aka ajiye mai ƙirga shi. Mai ambato da yawa ya zama Farfesa. Mai kaɗan kuwa ya ci gaba da zama a ofishin da fankarsa ke juyawa in ta ga dama.

Ita takardar Dakta, asalinta ambaliya ce. Shekara huɗu da suka wuce ruwa ya cinye wasu garuruwa, aka tara mutanen a sansani, Dakta ya yi wata bakwai a tantin asibitinsu. Likita ne, amma ba allura ta kai shi ba. Zuwa ya yi ya ga yadda masu agaji ke neman izinin marasa lafiya kafin su ɗauke su hoto, ko su ɗebi jininsu don bincike, ko su rubuta labarinsu. Abin da ya gano, Inna ta san shi ba tare da ta tashi daga kujerarta ba: mai ciwo ba ya ce wa mai magani a'a. Dakta ya faɗi wannan a shafi goma sha takwas, da Turanci mai kauri.

Cikin masu ambaton nan uku, na farko shi ne da kansa. Ta biyu ɗalibarsa ce, wadda ba ta da yadda za ta yi. Na uku wani malami ne a wata ƙasa mai nisa, shi ma sai da ya juya masa suna.

Jiya shugaban kwamitin ƙarin girma, wanda ake kira Farfesa Jan Biro a bayan idonsa, ya kira shi ya ce uku ko kare ba zai ci ba. Amma akwai wata ƙofa: an fito da sabon fom na tasiri. In mutum ya kawo shaidar cewa bincikensa ya canja wani abu a wajen jami'a, da sa hannun mutum goma da hoto, za a duba shi. Ana rufe karɓa yau ƙarfe huɗu. Wanda ya rasa, sai bayan shekara biyu.

"To Allah ya sa a ambace ka da alheri," in ji Inna. "Ka rufe famfo."

Tafiyar awa uku ce. Dakta ya tarar sansanin yana nan, sai dai tantuna sun zama ɗakunan langa-langa, asibitin kuma ya samu ƙofar katako. Kafin ya fito daga mota ya saka farar rigarsa ta likita, ya rataya abin awon ƙirji a wuya, saboda hoto.

"Lale lale, ga mai takarda!" in ji Sista, nas ɗin da ke riƙe da wurin tun ranar farko. Mace ce mai jiki, mai murya, tana ƙirga ƙwayoyi tana magana ba ta ɓata lissafi. "Ka yi ƙiba, Dakta. Jami'a ta karɓe ka."

Suna gaisawa idonsa ya sauka a kan teburinta. Ƙwayoyin da take ƙirgawa, a takarda take naɗe su, kuma ya gane haruffan. Ya leƙa ƙasa, ya ga ƙafar teburin da ta gaza an tokare ta da takarda mai ninki huɗu. Ita ma ya gane ta.

"Sista, kwafi ashirin na bar miki."

"Sun yi amfani, wallahi. Takardarka ba ta jiƙa da wuri."

Ya dafa teburin. Ya nemi kujera.

"Kar ka suma mini, ba ni da gado," in ji ta. "Juya ka ga bango."

A bangon, daidai inda masu jira ke fuskanta, an manne shafi ɗaya da filasta, ya yi ja don tsufa. A ƙarƙashinsa Sista ta rubuta fassara da babban alƙalami. Ta ce wata rana naƙudar wata mata ta yi tsawo, ba abin yi, ta ɗauko takardar don ta yi fifita, sai ta karanta. Shafi shida na farko ba ta gane komai ba, ta ce kamar mutum yana gyaran murya bai fara magana ba. Amma na bakwai ya yi magana. Ya ce a gaya wa marar lafiya cewa ko ya ƙi, maganinsa yana nan. Ya kuma ce kada a karɓi amsarsa a ranar da aka tambaye shi, a bar shi ya kwana a kai.

"Na karanta wa matan nan, shi ke nan na tono wa kaina aiki," in ji Sista. "Yanzu duk wanda ya zo da kyamara ko fom, sai su ce masa sai mun kwana a kai. Rabin baƙin ba sa dawowa. Kullum sai an ambace ka a nan, Dakta. Baƙin ma suna ambatonka, amma ba zan maimaita irin nasu ba."

Dakta ya ji kamar an ɗaura masa fukafukai. Ga tasiri har ya yi yawa. Ya duba agogo, sha ɗaya saura. Ya zaro fom, ya zaro ƙaramin kwalin tawadar dangwale, ya fita rumfar da mata ke zaune a kan benci, wajen su ashirin, da yara a cinya.

Ya yi sallama, ya gabatar da kansa, ya ce shi ne mai shafin da ke bango. Aka yi ta "Allah sarki" da "ashe kai ne". Sannan ya faɗi buƙatarsa: mutum goma su dangwala, a yi hoto ɗaya, ya kai wa manyansa don a ƙara masa girma.

Wata tsohuwa a bakin benci, wadda kowa a sansanin ke kira Gwaggo, ta gyara zaman tabarau ɗinta mai ƙafa ɗaya.

"Mun ji, ɗana. Sai mun kwana a kai."

Dakta ya yi dariya, ya jira a taya shi. Ba wanda ya taya shi.

"Gwaggo, ai ni na rubuta maganar."

"To ka fi kowa saninta ke nan."

"Ƙarfe huɗu za a rufe."

"Duk haka suke cewa. Wancan jirginsa zai tashi, wancan maigidansa na jira. Ba mu taɓa ganin mai fom da ba ya sauri ba."

"Amma ni ba jini zan ɗiba ba. Sheda ce kawai cewa abin yana aiki."

"Ga shi kana gani yana aiki." Ta juya ga ta kusa da ita. "Ashe wanzami ba ya son jarfa."

Rumfa ta ɗauki dariya. Dakta ya waiwaya neman agajin Sista, ya tarar ta jingina da ƙofa tana kallon sama kamar an aike ta ƙirga kusoshin rufi.

Yana cikin haka wata matashiya ta miƙe daga bencin baya. Ba ta yi dariyar ba. Da gani baƙuwa ce, ko katin asibiti ba ta da shi a hannu. Tana rungume da yaro, kansa ya langaɓe a kafaɗarta. Ba fuskar Dakta take kallo ba, farar rigar take kallo.

"Likita, ni na yarda," ta ce, tana miƙo babban yatsa. "A ina zan dangwala? A dai duba mini shi, tun shekaranjiya jikinsa zafi."

Wasu uku da suka zo tare da ita suka miƙe. Sai wasu biyu. Dakta ya ƙirga ba da son ransa ba: shida. Da Sista bakwai. Da mai gadin asibitin takwas. Sauran biyu ba za su gagara ba. Kwalin tawadar a buɗe yake a hannunsa, yatsan nan kuma bai fi taƙi ɗaya da shi ba.

Wata bakwai ya yi yana kallon irin wannan yatsan. Shafi goma sha takwas ya rubuta a kansa. Bai taɓa ganinsa daga wannan gefen ba.

Ya rufe kwalin, ya jefa a aljihu.

"Mayar da hannunki, ƙanwata. Ba sai kin dangwala komai ba. Kawo shi."

Aka shiga ciki. Ya daɗe bai duba marar lafiya ba, sai da Sista ta nuna masa inda ake ajiye ma'aunin zafi, tana gunagunin cewa likitocin takarda sai a hankali. Ya duba yaron, ya rubuta magani, Sista ta naɗe shi a shafi na goma sha biyu. Kafin ya ɗago, layi ya kafu, don ba kullum ake samun farar riga a wurin ba. Sai da Sista ta ƙwace abin awon daga wuyansa ta tura shi mota.

Huɗu saura kwata ya ajiye fom a gaban Farfesa Jan Biro. Farfesa ya juya shi gaba da baya.

"Ina shaidun?"

"Sun ce sai sun kwana a kai, ranka ya daɗe."

"Wa ya koya musu wannan iya shege?"

"Ni ne. Shafi na bakwai."

Ya ba shi labarin duka. Farfesa ya saurara, ya yi dariya har ya cire tabarau ya share hawaye, ya ce rabonsa da jin labari mai daɗi haka tun bara. Sannan ya cire murfin biro, ya rubuta a saman fom ɗin: babu shaidar tasiri.

"Ka rubuta shi ya zama takarda," ya ce. "Wataƙila a ambace ka."

Washegari da hantsi Dakta yana zaune a falo, Inna na tsintar ƙwayoyin maganinta daga cikin gwangwani, wayarsa ta yi ƙara. Sista ce. Ya saka ta a bayyane don hannunsa na riƙe da kofin shayi.

"Yaron ya sha nono, zafi ya sauka," in ji ta. "Sannan matan sun kwana a kai. Ga Gwaggo, ta ce da bakinta za ta faɗa maka."

Aka yi ta ƙoƙarin gano inda ake magana a jikin wayar, sannan muryar tsohuwar ta fito da ƙarfi kamar tana kiran wani a hayin kogi.

"Ɗana, kana ji? Mun kwana a kai. Ba mu yarda ba."

"To, Gwaggo. Ai lokaci ma ya wuce. Amma me ya sa?"

"Mun tambayi Sista me ake zama in an ƙara girman. Ta ce Farfesa. Muka ce suna zuwa nan? Ta ce a'a, otal suke zuwa taro. To mu likita muke so. Ranar Alhamis ka zo da wuri, ƙafata na kumbura."

Dakta ya dubi wayar. Ya ajiye kofin.

"Gwaggo," ya ce, "sai na kwana a kai."

"Kwana, ɗana. Ko ka ƙi, gaisuwarka tana nan."

Ta kashe, ko kuma ta danna wani abu ya kashe kansa. Inna ta haɗiye ƙwayarta ta kora da ruwa.

"Wannan matar ta ambace ka ko ba ta ambace ka ba?"

"Ta ambace ni, Inna. Amma ba ya shiga na'ura."

"Na'urar banza," in ji Inna. "Tashi ka duba mai a mota, Alhamis ba nisa."