Hannun Minista a Ƙirjin Ottmar

An daɗe rabon Dokta Ekkehard Lindhorst, ministan lafiyar jiharmu, da taɓa marar lafiya, amma har yau a hotunan kamfen yana rataye da abin sauraren ƙirji a wuya. Ni nake rubuta masa jawabai, saboda haka na san inda abin yake kwana: cikin aljihun tebur, tare da matattun batira.

Wata ran Asabar mun je garinsu bikin ƙungiyar maharba. Al'ada ce babban baƙo ya buɗe gangar giya ta farko da guduma, jama'a kuwa su auna cancantarsa da yawan abin da ya zubar a wandonsa. Wanda ya miƙa wa minista gudumar shi ne Ottmar, tsohon shugaban jam'iyyarmu ta 'yan mazan jiya a garin. Shi ya janye Ekkehard daga ɗakin duba marasa lafiya ya jefa shi siyasa.

"Riƙe da kyau, ɗana," in ji Ottmar. "Mutumin da ya rufe asibiti sukutum ai ba zai kasa buɗe ganga ba."

Aka yi dariya, wasu har da gaske. Bara aka rufe asibitin garin da sa hannun minista. Gyara muka kira abin. Na birni ya fi kayan aiki, hanya kuma lafiya lau.

Minista ya ɗaga guduma ke nan Ottmar ya dafe ƙirji, ya zame ya faɗi tsakanin bencina.

"Likita!" wata mata ta ƙwala ihu.

Kowa ya juyo ya dubi minista. Shi ma ya waiga bayansa yana neman likitan.

Sai ya yar da gudumar ya durƙusa. Ya lalubi wuyan tsohon, ya yage masa riga, ya ɗora hannu bisa hannu ya shiga dannawa. Ban zaci hannuwan nan sun tuna wani abu ban da gaisawa da jama'a ba. Masu busa suka sauke ƙahoninsu. Na ji haƙarƙari ya karye, minista bai tsaya ba.

"Ina motar asibiti?" in ji shi.

"Tana hanya," in ji mai sayar da tsiren alade, waya a kunne.

"Daga ina?"

"Daga birni mana, ranka ya daɗe. Daga ina kuma?"

Daga inda muke ana hango rufin tsohon asibitin, bayan coci. Yanzu wurin motsa jiki ne.

Gumi ya jiƙa wa minista riga, fuskarsa ta yi ja, numfashinsa na fita kamar na tsohuwar mota a kan tudu. "Tashi, tsohon banza," yake cewa. "Tashi ka zage ni. Ottmar! Tashi ka ƙarasa ba'ar." Ya ɗago ya dube ni, ya kira sunana. "Tilo, kira wani! Kira na sama!"

"Wa zan kira, ranka ya daɗe? Kai ne wanda ake kira."

Gudrun, matar Ottmar, ta durƙusa ta riƙe wuyan hannun minista. "Ekke, ya isa."

"Bai isa ba, Mama."

"Na ce ya isa. Kana karya masa ƙashi a banza."

Bai saurare ta ba. Yana nan yana dannawa har motar ta iso, ma'aikatanta suka ɗaga shi daga kan gawar da ladabin da ya dace da muƙaminsa.

A hanyar komawa ya ce in rubuta masa jawabin ajiye aiki. Na rubuta, kuma ban taɓa rubuta mai kyansa ba. Amma kafin Litinin hoton ya cika jaridu: minista a durƙushe, riga jiƙe, yana kokawa da mutuwa. Shugabannin jam'iyya suka ce ba a ajiye aiki da irin wannan hoto a hannu, ga zaɓe ya matso. Ya yi gardama har zuwa abincin rana, sannan ya haƙura.

Yanzu hoton yana kan kowane turken fitila, daga gidansa har ƙofar ma'aikata. An yanke fuskar Ottmar, don mutunta iyali. Kullum da safe minista yakan ce wa direba ya bi wata hanyar, direba kuwa ya ce can ma an liƙa.