Kur ɗin Mahamud

Ina cikin takaba labarin ya iske ni. Hasana maƙwabciyata ce ta shigo da guɗa, ta tuna gidan da take, ta rufe baki. Ta ce an kira sunan Mahamud a lasifika, ya ci bak, jarrabawar shiga jami'a.

Mahamud ɗana ne na uku, shi kaɗai ya yi nisa a lakwal, makarantar boko. A ajin ƙarshe ya ce wa babansa duk 'yan ajinsu suna biyan wani mushe, malamin lakwal, yana ƙara musu karatu da yamma, kur suke ce masa. Malam, maigidana, ya sayar da bijimin huɗa ya biya. Daga nan yaron ya daina zuwa garinmu Zermu ko ran hutu, yana Birni gidan wani abokin babansa.

Da ruwan shuka ya sauka Malam ya fita gona shi kaɗai. Ya dawo da ciwon ƙirji, ya kwanta. Na ce a kira yaron. Yaya Bukar, wan Malam, ya buga wa mushen salula, mushe ya ce jarrabawa ta ƙarato, in aka ɗaga masa hankali wahalar shekara ta tashi a banza. Malam ma ya girgiza kai, ya ce a bar shi.

Ran Laraba ya cika. Maza suka zauna a zaure suka yanke cewa ba mai faɗa wa yaro sai ya ajiye alƙalami. Haka ake yi, in ji su. Ni kuwa mai takaba ba ta hawa mota.

Ana gobe jarrabawa Mahamud ya kira wayar Yaya Bukar, aka miƙo mini.

"Inna, ina Baba? Ya sa mini albarka."

Na sauke wayar daga kunnena. Yaya ya karɓe, ya ce babansa yana gona, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Da Mahamud ya gama jarrabawa ya zo da tsarabar goro. Tun daga bakin gari ya ji, don wata tsohuwa ta tare shi da gaisuwar mutuwa. Ya shigo ya durƙusa, bai yi kuka ba.

"Ke ma, Inna?"

Iyakar abin da ya ce ke nan. Washegari ya koma Birni, daga can ya wuce jami'a a Yamai. Yakan aiko da shinkafa da sabulu ta hannun direba. Sallah biyu bai zo ba.

Yanzu mata suna zuwa tambayata ko kur ɗin nan yana da amfani, don nasu 'ya'yan ma sun fara roƙo. Nakan ce nawa dai ya ci. In suka matsa, in ce ban sani ba.

Na sayi 'yar salula tawa ta kaina. A cikin gida waya ba ta kama rezo, kira ba ya shiga, sai kan tudun bayan rumbuna. Kullum bayan la'asar nakan hau can in tsaya kaɗan ko Mahamud zai kira, sannan in sauko in ɗora tuwo.