Jan Ƙyallen Masu Tafiya

Adaeze malamar lissafi ce a jami'a, amma lissafinta ba irin wanda mahaifinta, Baba Nwabueze, ya sani ba ne. Shi da ya tsufa yana sayar da atamfa a Fagge, in ta ce masa a fanninta ba a tarawa, sai ya kwashe da dariya ya ce, "To, me ya rage?"

Abin da ya rage, kamar yadda take faɗa wa ɗalibanta, rabawa ce. Kowane abu kashi biyu ne, mai gushewa da mai tsayawa, kuma babu kibiyar da ke tashi daga na farko ta isa na biyu. In ka raba, ba ka da alamar tarawa da za ta mayar maka da shi ɗaya. A kan allo dai abin gwanin sha'awa.

Kwatsam Baba ya rufe shago, ya ce zai koma garinsu a kudu, kuma yana so ta bi shi. Ita kuwa a Sabon Gari aka binne cibiyarta, ko mafarki da Hausa take yi.

Ranar haɗa kaya ya yi yadda ya saba yi wa dilolin atamfa: duk abin da zai shiga mota sai ya ɗaura masa jan ƙyalle. Kujera ta samu, keken ɗinkin marigayiya mahaifiyarta ya samu. Tsohon rediyonsa, wanda bai taɓa barin tashar Hausa ba, ya tsallake shi.

"Can ba zai kama ba," in ji shi.

Ƙyalle ɗaya ya rage. Ya kamo hannunta ya ɗaura mata, yana murmushi wai shi wasa yake.

"Baba..."

"Ban ce komai ba, 'yata. Alama ce kawai."

Tausayinsa ya kama ta har ta kasa haɗa ido da shi. Sai ƙa'idar da take koyarwa ta faɗo mata: hanya ɗaya kaɗai aka toshe. Daga mai tsayawa zuwa mai tafiya, babu abin da ya hana kibiya.

Ta kwance ƙyallen a hankali, ta ɗaura wa rediyon.

"Ai na gaya miki ba zai kama ba."

"Ka tafi da shi haka, Baba. Duk hutu zan zo in ba ka labaran Kano da bakina."

Ya daɗe yana kallon hannunta, babu ƙyalle. Sannan ya ɗauki rediyon, ya naɗe shi cikin zanen matarsa, ya sa a jakar da zai riƙe a cinya.